Baƙon Safe a Slavar Borko

Tiren kek ɗin da Borko, injiniyan kamfanin, ya kawo yana nan a kicin ɗin ofis yadda ya ajiye shi, ko ledar ba a yaye ba. Vedrana ta lura da shi ne tana wucewa za ta ɗebi ruwan zafi. A kamfanin Skela ragowar kek ɗin slava, bikin da kowane gida ke yi wa waliyyinsa sau ɗaya a shekara, ba ya kaiwa hantsi, bara har cacar baki aka yi a kan yankan ƙarshe. Yau ga shi rana ta take, amma duk wanda ya shigo sai ya zagaye teburin yana kau da kai.

Ba ta kai ga komawa kujerarta ba Gordana, mai kamfanin, ta leƙo daga ofishinta ta yafito ta.

"Rufe ƙofar. Zo ki ga abin kunya."

Bidiyo biyu ne a jere a fuskar kwamfuta. Na hagu Vedrana ta san shi, shi suka aika gasar shekara ta kamfanonin fasahar kuɗi: wata tsohuwa mai sayar da cuku a kasuwa tana karɓar kuɗi ta waya a inda ko ɗigon sabis babu, sai zanen yadda manhajar ke aiki. Na dama ma tsohuwar ce, cukun ne, zanen ne. Launi kawai aka sauya, aka manna sunan wani babban kamfani na Belgrade.

"Alƙalan gasar ne suka kira ni da sassafe," in ji Gordana. "Sun ce a nuna musu wanda ya sata daga wani kafin ƙarshen mako, ko su fitar da mu duka. Na sa an duba. Daga kwamfutar Borko aka tura musu bidiyon, daga gidansa, ranar Juma'a da safe."

"Ranar slavarsa."

"Ranar slavarsa. Da yamma muka je muka ci kifinsa muna yi masa fatan alheri." Ta danne goshinta da yatsu. "Laraba zan tara mu in sallame shi, daga nan in miƙa sunansa ga alƙalai da 'yan sanda. Suna suke so, zan ba su suna."

Aikin Vedrana a Skela bin sawu ne. In an saci katin wani, ita ke bin kuɗin daga asusu zuwa asusu har ta tsaya a ƙofar wanda ya kwashe. Ba ta da yawan magana, a taro ma can ƙarshen teburi take zama. Amma a kan sawu ba ta taɓa jin nauyin kowa ba.

"Ki bar mini shi zuwa Larabar."

"Ke da ɓarayin kati kika saba."

"Duk tafiyarsu ɗaya. Mutumin da ya gina wannan manhajar, in zai yi sata, ba zai bar sunansa a bakin ƙofa ba."

Gordana ta dube ta ta saman tabarau. "Zuwa Laraba. Ko awa ɗaya ba zan ƙara ba."

*

A matakalar baya ta samu Borko, inda masu shan taba ke tsayawa, shi da bai taɓa sa taba a baki ba. An karɓe kwamfutarsa tun safe. Ƙaton mutum ne, amma yau rigarsa kamar ta aro.

"An turo ki ki ɗaure ni, malama mai bin sawu?"

"Ban zo da igiya ba. Ina kake ranar Juma'a da safe?"

"Ina mai slava yake zuwa da safe? Coci mana. Ni da matata Nevena da yaron muka kai burodin slava a yanka. Rabin garin nan na Novi Sad slavar Waliyyi Nikola suke yi, layi har waje. Fadan cocin ya gan ni, maƙwabta sun gan ni." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Na faɗa wa Gordana. Ta ce ai ni injiniya ne, sa wa na'ura lokaci ta aika ina coci ba komai ba ne a wurina. Kin ji? Shaidata ma ta zama laifi."

"Kwamfutar tana ina?"

"Ɗakin kwana, kan teburin madubi."

"Inda muka zuba kwat-kwat ɗinmu da yamma."

"Nan ne. Amma da safe babu baƙo ko ɗaya. Inna ce kaɗai a gida, gwiwa ta hana ta tsayuwar coci. Inna kuwa ko talabijin sai jikanta ya kunna mata."

"Ta san abin da ake ciki?"

"Kul! Zuciyarta ba lafiya. Na ce mata hutu na ɗauka."

Vedrana ta tambaye shi kalmar sirrin buɗe kwamfutar. Ya sosa ƙeya, ya ce sunan ɗansa ne da ranar da aka yi masa baftisma. Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

"Na sani, na sani. Ni nake yi wa mutane wa'azi a kan haka."

"Wa ya zo slavar da kake zargi?"

"Wanda bai zo ba ne ya fi ci mini rai," in ji Borko. "Kum ɗina, wanda ya tsaya mini a aure ya riƙe ɗana a baftisma. Ya kira ya ce mura ta kwantar da shi. Tun da na yi aure Stanko bai taɓa fashi ba. Da yana nan, da na samu mai tsaya mini."

*

A ofis kowa ya riga ya yanke hukunci, sai dai an kasu biyu. Masu cewa Borko ne sun fi yawa. Sauran suna nuna Lazar da baki, mai tallan kamfanin, wanda ya rubuta bayanan shiga gasar. An gan shi a Belgrade a watan jiya yana cin abinci da wata ma'aikaciyar wancan kamfanin.

Vedrana ta tare shi a wurin ajiye motoci.

"Sai yanzu kika iso kaina?" in ji Lazar yana gyara gashinsa a madubin mota. "Ai na ji haushi. Tun safe nake jira a zarge ni da wani abu mai daraja."

"Wace ce matar Belgrade?"

"Kai, mutanen nan ba sa barci." Ya zaro waya ya nuna mata hoto: shi da wata doguwa, ta ɗaga hannu tana nuna zobe. "Bazara za a yi bikin. Ban faɗa ba ne don na san irin kallon da za a yi mini, ga shi kuwa ana yi."

"Juma'a da safe fa?"

"Ina Sombor, gidan gwaggona. Ita ma Nikola take yi. Na soya kifi har gashina ya ɗauki ƙarni, ki sansana in kina so. Da yamma na biyo gidan Borko, ke ma kina wurin, kina kusurwa kina ƙirga mutane da ido." Ya rufe ƙofar motar, muryarsa ta sauka. "Ki ji, 'yar'uwa. Wata uku na yi ina rubuta wannan abin. In muka ci kyautar, sunana ne a ƙasa. Zan ɗauki kaina in kai wa wani?"

"To wa zai ji daɗi in ba mu ci ba?"

Lazar ya ɗaga kafaɗa. "Wanda ba ya son masu zuba jari su zo, tunda kyautar ce za ta jawo su. In sun zo, batun sayar da kamfani ya mutu har abada. Ki tuna rigimar damina."

Ta tuna. Kamfanin Belgrade ɗin nan ya taya Skela, Gordana da Borko suka ƙi. Mutum ɗaya ne, Stanko, ya buga teburi ya ce ana wasa da arziki.

*

Stanko shi ne na uku cikin waɗanda suka kafa Skela, shi ke kula da hulɗa da bankuna. Ta same shi washegari a ofishinsa, gyale naɗe a wuya, ga kwalin takardar share hanci a gabansa.

"Kar ki matso, ƙanwata, kar in shafa miki. Zauna can." Ya yi tari. "Maganar kum ɗina ce ko? Ni na tsaya masa shaida ranar aurensa, ni na riƙe ɗansa a coci na raɗa masa suna. Ko a gaban alƙali zan ce Borko mutumin kirki ne. Amma ɗan Adam, kin san shi. Matsi ba abin da ba ya sawa."

"Wane matsi yake ciki?"

"Wa ya sani? Ba kowa ke faɗa ba."

"Kai kana ina ranar?"

"Kan gado, da safa biyu a ƙafa. Ko ƙofar gidana ban buɗe ba. Slavar farko da na rasa ke nan, har yanzu abin na damuna." Ya jawo aljihun teburi ya fito da wata kwalba marar tambari. "Wannan ce ta tashe ni. Rakiyar tsohona, barasar da yake dafawa da kansa. Kin san ta fara kamar ruwa ko? Dubi ta bana. Ya sayi gangar itace ya zuba a ciki, ta fito kamar zuma. Makon jiya na ɗauko daga ƙauye, ko kum bai ɗanɗana ba tukuna. A zuba miki?"

"Ina aiki."

"Ke kullum kina aiki. Shi ya sa ɓarayi ke tsoronki, samari ma haka."

Ta yi murmushi ta miƙe. A bakin ƙofa ya kira ta.

"Ki lallashi Gordana kar a kai shi wurin 'yan sanda. A sallame shi kawai cikin rufin asiri. Yana da iyali."

*

Gidan Borko yana hawa na uku a wani tsohon bene kusa da kogi. Vedrana ta zaɓi lokacin da ta san ya fita ɗauko yaro daga makaranta, Nevena kuma tana wurin aiki. Ta tsaya a shago ta sayi ƙullin kofi, don ba a shiga gidan mutane hannu na dukan cinya.

Inna Ruza ce ta buɗe, tana dogara sanda.

"A'a, 'yar shirun nan ce! Shigo, 'yata, shigo, sanyi zai kashe ki. Ranar slava ko kifi ba ki ci na kirki ba, ina kallonki. Uwarki ba ta ba ki abinci ne?"

Kyandir ɗin slava yana nan gaban hoton waliyyi, ya ƙone saura kaɗan. A kan kabad an jera abin da baƙi suka kawo, kwalaben inabi da kwalayen cakulan. Vedrana ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga abin da ya tsaya mata ba. Ta leƙa ɗakin kwana da sunan wanke hannu. Gado ne, da teburin madubi, da taga a rufe. Babu abin da ɗaki zai faɗa mata.

Da ta dawo ta tarar tsohuwar ta ɗora kofi, ta cika faranti da kek, tana tsaye gaban kabad tana taɓe baki.

"Waɗannan na kanti ne duk, ba na ba baƙon kirki irinsu. Tsaya."

Ta durƙusa da ƙyar, ta tura hannu bayan buhun fulawa a kabad ɗin ƙasa, ta jawo wata kwalba marar tambari. Ta zuba a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Abin ya sauka ruwan zuma.

Vedrana ta ɗaga kofin saitin taga. Sawu ya tsaya a ƙofa.

"Inna, wannan ai ta gidan su Stanko ce."

"Kin san abu mai kyau."

"Ta bana ce kuwa. Yaushe ya kawo?"

Tsohuwar ta sa hannu ta rufe baki. "Wayyo ni, bakina! Na yi masa alkawari."

"Ni ba Borko ba ce, Inna. Ni kika faɗa wa."

Inna Ruza ta zauna, ta matso da kujera, da alama maganar ta daɗe tana cin ta. Da safe ne, in ji ta, bayan su Borko sun tafi coci. Tana kicin sai ta ji mabuɗi a ƙofa. Kum yana da nasa, shi ke ba furanni ruwa in sun yi tafiya. Da ya gan ta har ya firgita, bawan Allah, ya ɗauka duk an tafi. Ya zaro kwalbar daga kwat ya miƙa mata, ya yi mata barka da slava.

"Ya ce mura yake, ba zai iya zama cikin mutane ba, amma ƙafarsa ta ƙi yarda ranar ta wuce bai taka gidan ba. Kin ga ɗan halak. Ya ce kar in faɗa wa Borko, zai ji haushi bai jira shi ba."

"Ya zauna?"

"Na ba shi alkamar slava da muke dafa wa mamata, ya yi alamar gicciye ya ci cokali guda, ya yi wa marigayi mijina addu'a. Sai ya kai kwat ɗinsa ɗaki, aka kira shi a waya, ya daɗe a ciki. Kofinsa har ya huce." Ta leƙa fuskar Vedrana. "Lafiya dai ko, 'yata?"

"Lafiya lau, Inna. Ki ara mini kwalbar nan zuwa gobe."

"Ki kai wa saurayinki?"

"In kai wa shugabarmu. Tana bukatarta."

*

Ranar Laraba suka taru a ɗakin taro su biyar. Gordana a kan teburi, Stanko a damanta da gyalensa, Lazar yana juya biro. Borko ya ƙi zama, ya jingina da bango ya harɗe hannuwa. Ta gilashin ƙofa ana hango sauran ma'aikata, kowa ya ƙura wa kwamfuta ido, babu mai buga komai.

"Vedrana," in ji Gordana, "ga Laraba."

Vedrana ba ta tafi ƙarshen teburi ba yau. Ta buɗe jaka ta ajiye kwalbar a tsakiya.

"Wa ya san wannan?"

"Ta tsohon Stanko ce," in ji Lazar. "Ko a makance na san kwalbar. Amma yaushe ta koma ja haka?"

"Bana. Stanko, jiya ka ce mini makon jiya ka ɗauko ta daga ƙauye, ko kum ɗinka bai ɗanɗana ba."

"Haka ne. Daga aljihun teburina kika ɗauka? Ai da kin roƙa."

"Taka tana inda ka bar ta. Wannan daga kicin ɗin Borko take, bayan buhun fulawa."

Borko ya saki hannuwansa. "Gidana? Wa ya kai?"

"Wanda ya zo da safe kuna coci, ya buɗe da mabuɗinsa. Ya ɗauka gidan babu kowa. Amma ranar slava ce, kuma gidan kum ne. Ko me mutum ya zo yi, ƙafarsa ba za ta hau wannan matakalar hannu wofi ba, kar maƙwabci ya gan shi. Sai ya sa kwalba a kwat. Da ya tarar da Inna, dole ya miƙa."

Stanko ya warware gyalen a hankali, ya yi dariya.

"To na je. Na je in gaida tsohuwa, na ɓoye don kar kum ya ji haushi. Yanzu gaisuwa ta zama laifi a ƙasar nan?"

"Ba laifi ba ce. Sai dai jiya ka ce ko ƙofar gidanka ba ka buɗe ba." Muryarta ba ta tashi ba. "Kwamfutar tana ɗakin da ka kai kwat. Kalmar buɗe ta sunan yaro ne da ranar baftismarsa, kai ka raɗa sunan, kai ka riƙe shi ranar. Inna ta ce ka daɗe a ciki kana waya. Abin mai sauƙi ne. Fito da wayar, mu ga da wa ka yi magana a lokacin. In akwai kira, ni zan ba ka haƙuri a gaban kowa."

Wayar tana aljihun gaban rigarsa, kowa yana ganin kanta. Hannunsa bai tashi daga kan teburi ba.

"Stanko," in ji Gordana. "Me mutanen Belgrade suka yi maka alkawari? Kujera a kamfaninsu?"

Bai dube ta ba.

"Na zauna nan ranar Litinin ina zagin Borko, kana ba ni ruwa in sha," ta ce. "Kai ka ce mini a sallame shi cikin rufin asiri." Ta juya wurin Borko. "Borko, na ci mutuncinka. A gaban mutanen can na yi, a gabansu zan wanke ka. Lazar, nemo mini lambar alƙalan."

"Tana hannuna tun ɗazu, ranki ya daɗe."

Borko kamar bai ji su ba. Ya tako daga jikin bango ya tsaya a gaban kum ɗinsa. Vedrana ta zaci zai ɗaga hannu, har ta ga Lazar ya fara miƙewa. Amma da ya yi magana, a hankali ya yi.

"Ba zan tambaye ka dalili ba, kum. Abu ɗaya nake so in sani. Inna ba ta barin kowa ya wuce ƙofa bai ci alkamar ba. Ta babana ce, don shi muke dafawa. Ka ci kafin ka shiga ɗakin?"

Stanko ya ɗago ya dube shi. Ya tura kujerarsa baya yadda ba za ta yi ƙara ba, ya miƙe, ya ratsa ta bayan Gordana da ke jiran a ɗauki waya. A waje babu wanda ya ɗago kai. Ya bi ta tsakanin tebura har ƙofar fita, ya ja ta a hankali ta rufe a bayansa.